Yadda za ka bi sawun ma'aikacin Coventry bayan ruwan bom na 1940

Duk wanda ya nemi labarin harin da jiragen Jamus suka kai wa garin Coventry na Ingila a yaƙin duniya na biyu, abin da zai fara gani hoton cocin St Michael ne da ya ƙone ya bar bango tsaye babu rufi. Hoton yana taɓa zuciya kam, amma in ɗalibi ne kai aka ba ka aikin bincike, ko marubuci, ko dai kawai mai son sanin yadda talaka ya rayu a lokacin, to hoton nan ba zai faɗa maka inda mai walda a kamfanin Daimler ya kwana washegari ba, ko da wane ruwa matarsa ta dafa shayi, ko an biya shi kuɗin awoyin da ya yi a ramin ɓuya. Waɗannan su ne ainihin labarin, kuma ana iya tono su, yawancin aikin ma daga kan kwamfutarka za ka yi shi in kana da haƙuri.

Ka fara riƙe ƙashin labarin a ka don kada ka ɓata. Daren 14 ga Nuwamba 1940 ne, farin wata tar, jirage kusan 500 suka taso, aka fara da misalin ƙarfe bakwai na yamma ba a tsaya ba sai wajen ƙarfe shida na safe. Na gaba suka zuba ƙananan bama-bamai masu tada gobara don na baya su ga inda za su saki manya. Mutum 568 ne adadin da aka fi ambata na waɗanda suka mutu, gidaje sama da 4,000 suka rushe, wajen kashi biyu cikin uku na gine-ginen garin suka taɓu. Sannan aka sake dawowa a Afrilu 1941, dare biyu, 8 da 10 ga wata, aka kashe wajen mutum 450, kuma wannan na Afrilu mutane suna yawan mantawa da shi, kai kada ka manta. Shikenan, ya ishe ka. Akwai wata muhawara da ake ta yi a intanet wai Churchill, firayim ministan Birtaniya na lokacin, ya san za a kai harin ya yi shiru, masana tarihi sun daɗe da yin watsi da ita, kuma ko ba haka ba ba za ta ƙara maka komai game da rayuwar ma'aikaci ba, dan Allah kada ta cinye maka lokaci.

Abu na farko na gaske shi ne taswira. Nemi tsohuwar taswirar garin ta shekarun 1930, irin ta hukumar Ordnance Survey, ɗakin karatu na ƙasa na Scotland ya ɗora da yawa a shafinsa kyauta. Ka buɗe ka yi ta kallo, kada ka yi sauri. Abin da za ka gani shi ne babu wata iyaka tsakanin masana'anta da gidan kwana. Coventry gari ne da ya tashi daga saƙa da haɗa agogo ya koma kekuna, daga kekuna ya koma motoci da injinan jirgi, kuma kowane sabon kamfani a tsakiyar unguwa yake tsirowa ko unguwa ta tsiro a jikinsa. Daimler a unguwar Radford, kamfanonin Courtaulds da Alfred Herbert ta wajen Foleshill, kamfanin babur na Triumph a titin Priory dab da cocin kansa, ga ƙananan wuraren ƙira cike da Hillfields da Spon End. Kaga ke nan matuƙin jirgin da ke sama cikin dare yana neman kamfani, in ya kuskure da ɗan kaɗan kan layin gidajen ma'aikatan kamfanin zai sauke. Mai kuɗi ya riga ya gina gidansa can bayan gari inda iska take da kyau. Wannan kaɗai ya amsa rabin tambayar me ya sa talaka ya fi shan wuya, kuma da idonka za ka gani ba wani ya faɗa maka ba.

Daga nan ka zaɓi layi ɗaya. Ɗaya tak, ba unguwa ba, ba gari ba. Na san zuciya za ta ce maka ai ya yi kaɗan, wallahi bai yi ba, layi mai gida talatin ko arba'in zai ba ka aikin makonni. Ka zaɓi wanda ke kusa da wata masana'anta, misali a Hillfields ko Foleshill, sai ka shiga rajistar da ake kira 1939 Register. Gwamnati ta yi ta ne ranar 29 ga Satumba 1939 don ba da katin shaida da littafin rashan, tana ɗauke da adireshi, suna, ranar haihuwa da sana'ar kowa, gida bayan gida. Ana samunta a shafukan intanet na Findmypast da Ancestry, sai dai da kuɗi, kuma za ka ga an rufe wasu layuka da baƙi, na waɗanda ba su kai shekara 100 da haihuwa ba ne kuma ba a tabbatar sun rasu ba. Ka buɗe takardar lissafi ka kwafe komai. Ka lura da gida nawa ne ke da sunan dangi fiye da ɗaya, waɗannan 'yan haya ne da aka ba ɗaki, domin a shekarun 1930 mutane sun yi ta kwarara garin daga Wales da Scotland da Ireland da arewacin Ingila inda aiki ya mutu, har da 'yan Indiya, a Coventry ɗin ne ma aka kafa ƙungiyar ma'aikata 'yan Indiya a 1938. Gari ya cika ya batse tun kafin a rushe gida ko ɗaya. Ka riƙe wannan, don in ka zo kan batun waɗanda suka rasa muhalli za ka gane cewa babu wani ɗaki da ya rage da za a sa su.

Sai ka ɗauki sunan layin nan ka kai shi shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, wato CWGC. Mutane sun ɗauka sojoji kawai ke ciki, alhali akwai kundin fararen hula mai suna kusan 67,000, kuma kyauta ne. Abin da ya sa nake son wannan kundi, yawanci yana ba da shekarun mamaci, da adireshin gidansa, da inda ya mutu. Ka jera biyun nan gefe da gefe. Wani a gidansa, wani a maɓoyar layi, wani a bakin aiki a kamfani, wani a asibiti bayan kwana biyu. In ka ga mutum biyar masu sunan dangi ɗaya a adireshi ɗaya daga ɗan shekara arba'in zuwa ɗan wata shida, ka tsaya ka numfasa, ba laifi ba ne, mutane ne ba lambobi ba. In kuma ka ga sunaye daban-daban daga gidaje daban-daban duk sun mutu a wuri guda, to maɓoyar jama'a ce bom ya faɗa wa.

A nan nake so ka daɗe, kan batun maɓoya, don nan ne bambancin mai shi da marar shi ya fi fitowa fili. Gwamnati ta raba wata maɓoya da ake kira Anderson, kwanon ƙarfe ne mai lanƙwasa da ake binne rabinsa a ƙasa a lulluɓe da turɓaya, tana ɗaukar mutum shida. Kyauta ce ga gidan da kuɗin shigarsa bai kai fam 250 a shekara ba, wanda ya wuce haka ya saya fam 7. A takarda ka ce an tausaya wa talaka, to amma sai kana da fili a bayan gida za ka binne ta, kuma tsofaffin gidajen tsakiyar gari da aka cusa a lunguna ba su da wannan fili. Su sai dai maɓoyar bulo da aka gina a kan titi, mai sanyi da wari, wasu an gina su da ƙarancin siminti har mutane suka daina yarda da su, ko ƙarƙashin bene, ko ƙarƙashin tebur. Masu Anderson ɗin ma ruwa yana taruwa a ciki lokacin hunturu, mutum ya kwana da ƙafa a jiƙe ya tashi ya tafi aikin awa goma sha biyu. Sai a 1941 aka fito da ta cikin ɗaki mai suna Morrison, kamar tebur na ƙarfe mai raga a gefe. Saboda haka ka koma taswirarka ka duba, gidajen layinka suna da fili a baya ko babu? Amsar za ta faɗa maka inda mutanen suka kwana a daren.

Yanzu washegari. Mafi yawan masu rubutu suna tsayawa ne inda jiniya ta yi kukan an gama, alhali wahalar mai rai daga nan ta fara. Bututun ruwa sun fashe, gas ya yanke, lantarki ya yanke, waya ta mutu, aka ce kowa ya tafasa ruwa kafin ya sha don tsoron taifot, ga babu gas ɗin tafasawa. Taragon titi da ke kai ma'aikata aiki, wato tiram, daga wannan dare bai sake komawa aiki ba. Shagon da iyali suka yi rajistar rashan ɗinsu a cikinsa wataƙila ya ƙone, littafin rashan ɗin kansa wataƙila yana ƙarƙashin ɓaraguzai, kuma tun Janairu 1940 ake auna sukari da man shanu da naman alade, daga baya nama da shayi suka biyo. Ka rubuta wa kanka tambayoyi irin na uwar gida: ina za ta samu burodi, wa zai ba ta sabon littafi, ofis nawa za ta zaga a ƙafa da yara a hannu kafin ta samu kuɗin tufafi da na kayan ɗaki. Cibiyoyin saukar da waɗanda suka rasa gida da farko a hannun hukumar agajin matalauta suke, kuma ma'aikacin da ke alfahari da guminsa yana jin kunyar a gan shi a layin nan. Matan ƙungiyar sa-kai ta WVS da motocin abinci da suka zo daga wasu garuruwa su suka riƙe mutane a kwanakin farko.

Don jin muryar mutane a waɗannan kwanaki, nemi rahotannin Mass-Observation. Ƙungiya ce da Tom Harrisson da abokansa suka kafa a 1937, aikinta sauraren abin da talakawa ke faɗa a titi da mashaya da layin bas, kuma mutanenta sun shiga Coventry ana gama harin. Takardunsu suna hannun Jami'ar Sussex. Abin da suka rubuta ya sha bamban da na jarida, sun ga firgici da kuka da mutanen da suka kasa magana, sun ga jama'a na ficewa daga gari. Ka karanta su tare da jaridar garin ta lokacin, Midland Daily Telegraph, wadda ta koma Coventry Evening Telegraph a 1941. Jarida tana ƙarƙashin takunkumin yaƙi, labarin shafin farko duk na jarumta ne da ziyarar Sarki George na shida ranar 16 ga Nuwamba, don haka kai ka tsallaka zuwa shafukan baya. Ƙananan tallace-tallace su ne zinariya: ana neman ɗaki, ana cigiyar wane, kamfani kaza na kiran ma'aikatansa su hallara a wuri kaza, shago kaza ya koma titi kaza. Sai labaran kotu, waɗanda aka ci tara don hasken fitila ya fito ta taga, da waɗanda aka kama da kwasar kayan gidajen da suka rushe. Kada ka ɓoye wannan na ƙarshen don kana son mutanen, an yi shi, kuma faɗinsa ba ya rage darajar sauran.

Ficewar dare ma ka bi ta da kyau. Dubban mutane sun riƙa barin gari da yamma, a ƙafa, a keke, a bayan a-kori-kura, su kwana a Kenilworth ko Warwick ko Leamington ko ƙauyukan kusa, wani a coci, wani a rumbun gona, wani a gindin shinge, da asuba su dawo su shiga aiki. Hukuma ta ɗauki abin a matsayin alamar karaya shi ya sa ba ta so ta taimaka sosai ba. Ni kam ban ga karaya a nan ba, mutumin da ya taka mil biyar don 'ya'yansa su yi barci sannan ya dawo ya tsaya gaban inji da safe ya yi abin da hankali ya ba shi. Kuma ko can ɗin ba tsira ce tabbatacciya ba, mako guda bayan babban harin wani bom ya faɗa Kenilworth ya kashe mutum fiye da ashirin, cikinsu akwai waɗanda suka gudo daga Coventry. In ka ga a kundin CWGC mai adireshin Coventry ya mutu a wani gari na kusa, ga dalilin.

Sai bakin aiki. Cibiyar Modern Records Centre da ke Jami'ar Warwick, a gefen Coventry ɗin, tana ajiye takardun ƙungiyoyin ƙwadago da na masu kamfanoni, wasu an ɗora su a intanet. Abin da za ka nema shi ne rigingimun yau da kullum. Da farko in jiniya ta yi kowa ajiye aiki yake ya shiga rami, sai aka ga ana asarar awoyi, daga wajen Satumba 1940 aka fara ɗora masu tsaro a kan rufin kamfani, aiki na ci gaba sai sun hango jirgi ya matso sannan su danna ƙararrawa. Ka tuna yawancin ma'aikatan injiniya a garin biyan jinga ake musu, iya abin da ka ƙera iya kuɗinka, to awa uku a rami wa zai biya? Ka duba wannan a bayanan tarurrukan ƙungiya. Daga farkon 1941 gadin gobara ya zama dole, har awa 48 a wata a kan aikin mutum na kullum. A Maris 1941 ministan ƙwadago Ernest Bevin ya kawo dokar da ta hana ma'aikacin masana'antar yaƙi barin aiki ba izini, ta kuma hana a kore shi haka kawai. A Disamba 1941 aka fara kiran mata marasa aure 'yan shekara 20 zuwa 30 aikin ƙasa dole, aka yi ta kawo 'yan mata daga nesa ana sauke su a gidajen mutane da dakunan kwanan ma'aikata. Wani abin da ke ci mini rai, macen da bom ya raunata diyyarta ba ta kai ta namiji ba, sai a 1943 aka daidaita bayan matan majalisa sun matsa.

Gaskiya ne albashi a Coventry ya fi na garuruwa da yawa, har ana yi musu gori da shi, kada ka musa. Amma ka auna shi da abin da kuɗin zai iya saya a garin da shagunansa suka ƙone. Kuma ga abin da za ka gano in ka jera kwanan wata: masana'antu sun farfaɗo cikin makonni zuwa 'yan watanni, an turo sojoji da ma'aikatan gyara an maido da wuta da ruwa ga injina, Triumph da ya ƙone ƙurmus ma an sake gina shi a ƙauyen Meriden da ke wajen gari, amma gidan ma'aikaci tamfol aka ja a rufinsa da kwali a taga. Dokar diyyar ɓarnar yaƙi ta 1941 ta ce kuɗin gidan da ya rushe gaba ɗaya sai bayan yaƙi, kuma shi ma na mai gida ne, ɗan haya gadonsa da tukwanensa da keken ɗinkin matarsa su ne dukiyarsa. Ka yi layi biyu a takardarka, ranar da kamfani ya koma aiki da ranar da mutanen layinka suka samu muhalli na dindindin, tazarar da ke tsakani ita ce zuciyar rubutunka.

Yara kuma, nemi littafin da shugaban makaranta ke rubuta abin da ya faru kullum, irinsu suna ma'adanar takardun garin da ke cikin gidan tarihi na Herbert. Gajerun layuka ne, yau yara kaza suka zo, an rufe don babu ruwa, an mai da aji wurin saukar jama'a.

Labaran baki suna da yawa. BBC ta tara kusan 47,000 tsakanin 2003 da 2006 a shirin People's War, suna nan a buɗe, gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum ma yana da muryoyi da aka naɗa. Ka yi amfani da su amma da lura, masu ba da labarin yawancinsu yara ne a 1940 kuma sun yi magana bayan shekara sittin, wani zai haɗa daren Nuwamba da na Afrilu ya zama ɗaya, wani zai faɗi abin da ya gani a talabijin yana jin shi ya gani da idonsa. Ba ƙarya suke ba. Ka karɓi wari da ƙara da tsoro daga bakinsu, kwanan wata da adadi kuma ka karɓa daga takarda. In labari ya ambaci layinka, ka koma rajistar 1939 ka ga ko gidan yana nan. Kuma in za ka wallafa, ka tuna jikokin mutanen nan suna raye, ba kowane suna ne sai ka fitar ba, balle na wanda aka gurfanar a kotu.

Jana'iza ma tana cikin labarin. Ranar 20 ga Nuwamba 1940 aka yi binnewar farko ta bai-ɗaya a maƙabartar London Road, dogayen ramuka aka haƙa, aka sake yin wata bayan kwana uku, yanzu akwai bangon tunawa a wurin mai sunaye sama da 800. Ga iyalan da suka yi shekaru suna biyan 'yan kwabbai duk mako ga inshorar jana'iza don kada a binne nasu kamar marar gata, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne, ka nemi yadda suka faɗe shi da bakinsu.

Mataki na ƙarshe, ka nemi rajistar masu zaɓe ta 1945 da ta shekarun da suka biyo, ka ɗora ta a kan jerin sunayenka na 1939. Gida nawa ne lambarsa ta ɓace, iyali nawa ne suke nan, nawa ne sababbi. Waɗanda suka ɓace ka neme su a sababbin unguwannin da ƙaramar hukuma ta gina a gefen gari irin su Canley da Tile Hill da Willenhall, domin mai tsara gine-ginen garin Donald Gibson ya mai da tsakiyar gari wurin kasuwanci na masu tafiya a ƙafa, mazauna kuma aka kai su waje. Wani layin ma ba za ka same shi a taswirar yau ba sam, titin zobe da aka gina daga baya ya bi ta kansa, sai ka ɗora tsohuwar taswira a kan sabuwa kafin ka gane inda yake.